Sarƙar Reino

Shafi na 11

Ranar da labarin ya same ni ina ɗakin wanki na masaukin da nake aiki, ina ninke zannuwan gado. Na ba ku labarin abubuwa da yawa da suka biyo baya, amma wannan ban taɓa faɗa ba, kuma in ban faɗa ba ba za ku gane abin da ya faru a garejin Gisele ba. Masu turo mini saƙo cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa.

'Yar sanda ce ta shigo, yarinya ƙarama, hularta a hannu. Da na ga hular a hannu na san ba tawul ta zo nema ba.

"Ke ce matar Reino Kivela?"

Na ce ni ce.

Ta ce ya faɗi a hanyar bakin tafki, wani mai yawo da kare ne ya gan shi. Ta ce zuciya ce. Ta faɗi wasu abubuwan, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne sai da na ƙarasa ninke zanin da ke hannuna, har na daidaita kusurwa, sannan na zauna a ƙasa.

A asibiti suka miƙo mini leda. Makullin gida, safar hannu, wayarsa, da agogon gudunsa. Fuskar agogon na nan a kunne. Ta cikin ledar na karanta:

"Madalla, Reino! Sarƙarka ba ta tsinke ba."

Ashe ya cika mil ɗinsa kafin ya faɗi.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: manhajar da ke wayarsa, wadda agogon ke haɗe da ita, tana lissafa ranakun da mutum ya yi gudu a jere. Aƙalla mil ɗaya kullum. Ka tsallake rana ɗaya, ta mayar da kai sifili. Wannan jerin ranakun ne Reino ke kira sarƙa. Shekara goma sha wani abu bai tsallake ba. Ya yi gudu da zazzaɓi. Ya yi gudu ranar da dusar ƙanƙara ta rufe garinmu Thunder Bay gaba ɗaya, ya yi ta kai da komo a layinmu da tabaran masu walda a fuska, maƙwabta na dariya ta taga.

Washegarin rasuwarsa da sassafe agogon ya yi ƙugi a kan durowa. "Reino, lokaci ya yi." Gida cike da dangi suna barci a kujeru, firji cike da kwanukan abincin ta'aziyya. Na ɗaura agogon, sai da na kai ramin ƙarshe na maɗaurin kafin ya zauna. Na sa rigar sanyinsa da takalmin aikina na fita.

Ni da ban taɓa gudu ba sai in bas zai tafi ya bar ni.

Tun daga ranar ban tsallake ba. Kullum manhajar na nuna wa abokansa cewa Reino Kivela ya yi gudu yau, su kuma su danna masa alamar babban yatsa. Kuma da yake ya riga ya shiga tseren mil goma na watan Mayu kafin ya rasu, ta ci gaba da ƙara masa nisa mako bayan mako. Ta ƙara, na bi. Na rantse sai na tsaya a layin tseren nan a madadinsa.

Sai ƙwaurina na hagu ya fara ciwo.

A shafin da ya wuce na tsaya inda 'yata Tessa ta zo daga Winnipeg ta kama ni ina sauko da matakala da baya. To, ga abin da ya faru ranar Asabar, bayan na dawo daga gudun safe.

"Mama, ɗauko takalmanki."

"Na riga na yi na yau."

"Na sani. Na ji shigowarki kamar mai jan firji. Ƙusoshi za a sa miki a ƙasansu, don kar ki zame. Rana ta narkar da ƙanƙara, dare ya daskarar, hanya ta zama gilashi. So kike ki karya ƙugu?"

"Babanki da kansa yake sa wa nasa."

"To babana ba ya nan. Gisele na sa wa kowa ranar Asabar."

Na kalle ta. Gisele Morneau ita ce kocin da ta horar da Reino shekara da shekaru, har bara da ƙanƙara ta narke ya dawo gida ya ce ya gaji da surutunta, manhaja ma tana tsara atisaye kuma ba ta da baki. Ranar jana'iza can baya ta tsaya. Ba ta zo ta gaishe ni ba.

"Ƙusoshi kawai?"

"Ƙusoshi kawai."

Ta ɗauki abin shaƙarta na asma daga kan tebur ta jefa a aljihu. Tun tana ƙarama iskar sanyi ke shaƙe ta, shi ya sa duk nacin uban bai taɓa sa ta gudu ba. A tsere ita ce mai miƙa ruwa.

Muna isa garejin, maza biyu na ƙungiyar gudun suna fitowa da takalma a hannu. Da suka gan ni, ɗaya ya tuna ya bar mota a kunne, ɗayan ya bi shi don ya taya shi kashewa.

Gisele na tsaye bayan teburin aiki, ƙaramar mace mai furfura, gashin a aske kamar na namiji.

"Lorna."

"Gisele."

"Kofi?"

"Ƙusoshi na zo."

Ta karɓi takalman ta kifa su. Ta daɗe tana kallon ƙasan na hagu.

"Wa ke cin wannan gefen? Ɓera?"

"Ki sa ƙusa ki ba ni abina."

"Zan sa. Amma ba na sa wa kowa sai na ga tsayuwarsa. Tsaya da ƙafar dama ki yi tsalle."

Na yi, don ta ƙyale ni.

"Hagu."

"Ni ba 'yar firamare ba ce."

"Hagu, Lorna."

Na ɗaga dama na yi tsalle ɗaya. Na ji kamar an soka mini tsinken ƙarfe daga ƙwauri har cikin haƙora. Ban san lokacin da na kama teburin ba. Gwangwanin ƙusoshi ya kife, suka watse a siminti.

Ta durƙusa ta ɗora yatsa ɗaya a kan ƙashin.

"Nan?"

Abin da na ce mata ba zan rubuta ba, akwai 'yan cocinmu da ke karanta wannan.

"To, nan ne," in ji ta. "Ƙashin ya fara tsagewa, ko yana dab da haka. Ni ba likita ba ce, ranar Litinin ki je a ɗauki hoto. Amma in kika ci gaba a haka, ba tseren Mayu ba, ko cocin ma sai an tura ki a keke."

Na juya wajen Tessa.

"Ƙusoshi kawai, ko?"

Ta sunkuya tana tsintar ƙusoshi kamar an biya ta.

Gisele ta ce, "Kina son ki yi tseren nan?"

"Zan yi."

"Ban ce za ki yi ba. Na ce kina so?"

"Ina so. Sai me?"

"Zan iya kai ki. Ba da sauri ba, rabi tafiya rabi gudu, amma da ƙafafunki biyu za ki shiga. Sharaɗina biyu."

"Wa ya tambaye ki?"

"Na farko, hutu. Daga gobe ba gudu, ko na bin bas, har sai ƙashin ya haɗe. Wurin ninƙaya za ki koma, ni da ke a cikin ruwa kamar agwagi. Na biyu, ki cire agogon nan. Ba na horar da matattu."

Tessa ta daina tsinta.

Na ce, "Maimaita."

"Kin ji ni."

"Bari in faɗa miki wani abu, Gisele. Wannan abin da kike rainawa shi ya tashe ni daga gado lokacin da kowa ya ajiye mini kwanon taliya a bakin ƙofa ya gudu. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Bai taɓa kallona da ido mai ruwa ba. Ya ce tashi, na tashi. Ke ina kike a lokacin?"

"Ban musa ba. Ya tashe ki, kuma na gode masa. Amma sunan wa yake kira?"

Na kalli agogon da ke hannuna.

"Nisan da yake ba ki na namiji ne da ya fi shekara talatin yana gudu. Bai san ke mace ba ce. Bai san kin kusa sittin ba. Bai san kina wuni a tsaye kina jan jiƙaƙƙun zannuwa ba. Ba laifinsa ba ne, abin da aka gaya masa ya sani. Da kin buɗe naki asusun a manhajar da sunanki, da tafiya zai fara ba ki, da ni ma ba ni da ta cewa. Amma ba za ki buɗe ba."

"In na buɗe nawa sarƙar ta tsinke."

"Ta tsinke tun a watan Nuwamba, Lorna."

"Ba ta tsinke ba. Duba." Na miƙa mata hannuna har agogon ya kusa taɓa hancinta. "Karanta, ai ke kin yi makaranta."

Ba ta ko kalla ba.

"Kin ga mazan can da suka fita da gudu? Kullum da safe sai sun danna wa mamaci yatsa, don ba wanda ke son ya zama na farkon dainawa. Sannan in sun hango ki a kanti su laɓe bayan kwalayen madara."

"Su laɓe. Ba don su nake yi ba."

"Don wa kike yi?"

"Ba ruwanki. Kuma na san ciwonki. Kishi ne. Ya bar ki ya kama waya, shi ne har yau bai wuce miki ba."

Ta ajiye takalmin da ta gama sa wa ƙusoshi muna cikin musu, a hankali. Ta faɗi wata kalma da Faransanci, don har yau in ranta ya ɓaci da yaren kakarta take zagi.

"Haka ya ce miki? Shi ya bar ni?"

Tessa ta miƙe tsaye.

"Gisele, don Allah."

"A'a, yarinya. Ke kika kawo ta."

Na dubi wannan, na dubi wancan.

"Me ke nan?"

Gisele ta ce, "Ni na kore shi."

"Ƙarya kike."

"Bara, muna hawan tudun makabarta. Na waiwaya na gan shi tsaye ya dafe ƙirji, fuskarsa kamar toka. Na ce Reino, mene ne? Ya ce tsiran da ya ci jiya ne, ƙwannafi. Mako na gaba ya sake yi, a daidai wurin. Na ce masa daga yau ba zan tsara maka ko taku ɗaya ba sai ka je an duba zuciyarka. Ya yi dariya, kin san dariyarsa. Ya ce in ya je likita zai hana shi gudu, sarƙa ta tafi. Na ce ta tafi ɗin. Ya ce to shi ke nan, wayarsa ma ta iya tsara atisaye, kuma ita ba ta cewa a'a."

Na matsa kusa da ita.

"Ya ce miki ƙirjinsa?"

"Bai ce ba. Ni na gani."

"Kika gani."

"Na gani."

"Gidana na nan. Inda nake aiki, duk garin nan an sani. Kin haɗu da ni a kanti ya fi a ƙirga. Kika ce mini me? Kika ce mini tumatir ya yi tsada."

Idonta ya yi ja, amma ba ta kau da kai ba. Wannan kam na yaba mata.

"Na zo har masaukinku. Na zauna a mota ina kallon tururi na fita ta tagar ɗakin wankin. Ya riga ya ce mini in na gaya miki zai daina ko gaishe ni, wai ke za ki ƙona masa takalma."

"Da na ƙona su! Da na ƙona su da shi a ciki!"

"Na sani. Shi ya sa ya kamata in shiga. Ban shiga ba. Sai na kira wadda na ga ya fi jin maganarta."

Ba ta faɗi suna ba. Ba sai ta faɗa ba.

Tessa na tsaye da ƙusoshi cike da tafin hannunta, ta matse su har na ga yatsunta sun yi fari.

"Mama."

"Kar ki ce mini Mama."

"Na kira shi a ranar. Wallahi na kira shi. Ya rantse mini ya je asibiti, an ce ƙwannafi ne. Ya ce kar in tayar miki da hankali a banza."

"Kika yarda."

"Babana ne!"

"Mijina ne!"

Na fizgi takalmana daga kan teburin, ɗaya da ƙusa ɗaya babu, na fita. Ban yi ɗingishi ba sai da na tabbata ƙofa ta rufe a bayana.

Na shiga mota na zauna. Makulli na wajen Tessa. Ga ni nan dai, fushi cike da ciki, ba inda zan kai shi.

Sai agogon ya yi ƙugi a hannuna. Yakan yi haka in mutum ya daɗe a zaune.

"Motsa jiki, Reino!"

Na kalle shi. Shekara talatin da 'yan kai ina wanke wa mutumin nan safa, ina sanin zai yi mura kafin shi ya sani. Ashe wata bakwai yana kwana kusa da ni da ciwo a ƙirji, ya zaɓi ya gaya wa tudun makabarta bai gaya mini ba.

Na ce, "Reino Kivela, kai maƙaryaci ne." Da ƙarfi na faɗa, har wata mata da ke wucewa da kare ta tsallaka titi. "Kuma matsoraci. Ka gudu daga mai ce maka a'a ka koma wa mai ce maka madalla. Ka faɗi a kan ƙanƙara yana ce maka madalla. Ni ma ga ni na bi ka kamar tunkiya, ƙashina na tsagewa yana ce mini madalla."

Agogon bai ce komai ba. A ranar na fara jin haushin shirun nan nasa.

Tessa ta buɗe ƙofar direba ta shigo. Numfashinta na fito. Ta shaƙi maganinta sau biyu.

"Mama, in kin ce in koma Winnipeg yau, zan koma."

"Wa ya ce ki koma? Wa zai kai ni hoton ƙafa ranar Litinin? Karen maƙwabta?"

Ta kalle ni.

"Ban yafe miki ba," na ce. "Kar ki ga na ce ki zauna ki ɗauka wani abu ne. Jira ni nan."

Na fita na koma garejin. Wannan karon na yi ɗingishina a fili, kowa ya gani.

Gisele na durƙushe tana share ƙusoshi da ɗan tsintsiya.

"Kin manta wani abu?"

"Tashi. Ba na magana da ƙeyar mutum."

Ta tashi.

"Ban yafe miki ba."

"Ban roƙa ba."

"Kuma ba na jin zan yafe kafin Mayu."

"Ba ya cikin sharaɗi."

"To. Ki tsara mini abin naki. Ba don kin fi waya ilimi ba, ban sani ba ko kin fi ta. Don ina son wanda in ya ce mini a'a zan iya kallon idonsa in zage shi, washegari kuma ya sake ce mini a'a. Amma ki ji nawa sharaɗin. In kika ga wani abu a jikina, ni za ki gaya wa. Ba 'yata ba, ba fasto ba. Ni. A fuskata, a ranar."

"Na yarda."

"Kuma agogon nan ba naki ba ne. Ba za ki taɓa shi ba, ba za ki ce in jefar ba. Zan cire shi daga hannuna, amma a kan durowata zai zauna."

"Durowarki ce."

"Kuma a tseren, a rubuta Lorna. Shi ya yi nasa, ya ga inda ya kai shi."

Bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi. Na ce, "Kar ki soma."

"Ban soma ba. Kina da kayan ninƙaya?"

"Ina da wanda na saya kafin a haifi Tessa."

"Allah ya jiƙan masu gadin wurin. Kawo takalman in cire ƙusoshin da na sa, ba za ki buƙace su ba."

"Bar su. Nawa ne."

Na kwance maɗaurin a gabanta. Fatar wurin ta yi fari ta yi laushi, da sawun agogon kwance a kai. Na sa shi a aljihun rigar Reino na ja zif.

Da yamma na soya mana wainar fulawa irin siraran nan da uwar Reino ta koya mini, don ita kaɗai hannuna ke iya yi ba tare da kaina ba. Tessa ta yi ta juya tata a faranti.

"Mama."

"Ci abincinki."

"Gobe da gaske ba za ki fita ba?"

"Ba ke kika shirya haka ba? Ke da ƙusoshinki?"

"Eh. Amma in ba wanda ya fita, jibi za ta nuna sifili."

"Ta nuna."

"Shekara goma sha..."

"Na san shekarun, Tessa. Ni na wanke safar."

Ta ajiye cokali.

"A Winnipeg kullum da safe sai na duba. In na ga ta nuna ya yi gudu, sai in ji kamar... na san ke ce. Na sani. Amma sai in iya tashi in tafi aiki."

Ban san tana dubawa ba. Ba ta taɓa danna yatsan ba ko sau ɗaya.

Na ce, "To daga jibi ki kira ni. Ina da rai, ina ɗaga waya."

Ta kwashe kwanuka ta wanke, har da waɗanda ba su yi datti ba.

Akwai abin da nake yi kullum, har yau da nake rubuta muku wannan ban daina ba. Kafin in kwanta sai na jona agogon a caji a kan durowa, kusa da wayarsa. Da safe kuma, tun ban gama buɗe ido ba, hannuna ke fara zuwa ya cire shi, in riƙe shi a tafina har ya ɗauki ɗumi. Ba don komai ba. Haka hannun ya saba.

Ranar Lahadin nan na farka gari ya fara haske. Na ce wa kaina, Lorna, yau zai yi ƙugi, ki bar shi ya yi ta yi. Ki sha kofinki a zaune kamar matar gwamna.

Na miƙa hannu.

Igiyar caji kawai na taɓa.

Na tashi zaune. Na duba ƙasa, na duba bayan durowa. Rigar sanyin Reino ba ta jikin ƙusar ƙofa.

"Tessa?"

Shiru.

Na sauko matakala da baya ina riƙe da bango. Ɗakinta a buɗe, gado a kwance ba kowa. Motarta na nan a waje, gilashin duk ya daskare. A bakin ƙofa takalmana babu, ɗaya mai ƙusa, ɗaya babu ƙusa.

Wayar Reino ta yi ƙara a hannuna, ban ma san na sauko da ita ba.

"Reino ya fara gudu."

Ɗan ɗigon da ke nuna inda yake yana tafiya a hankali, ya nufi hanyar bakin tafki, inda iska ta fi yanka.

Na ɗaga kai.

Abin shaƙarta na nan a kan teburin cin abinci.